Nokia Ta Yi Mini Rana: Labarin Wani Mai Gyaran Waya

Ni mai gyaran waya ne a Kano, kuma rufin asirin da Allah Ya yi mini a rayuwa ta hanyar wayoyin kamfani ɗaya ya fara zuwa. Da kuɗin gyaran Nokia na yi aure, da shi na yi wa mahaifina rufin kwano a ƙauye, da shi ƙannena suka gama sakandare. Shi ya sa idan na ji samarin kasuwa suna kiranta wayar tsofaffi suna dariya, raina ba ya daɗi. Ina so in faɗi yadda na ga tashinta da faɗuwarta daga inda nake zaune, wato bakin teburin gyara, domin abin da muka gani a nan ba duka ne ake ba da labarinsa ba.

Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a watan Agustan 2001, lokacin da Econet da MTN suka fara aiki. Kafin nan layukan tarho na NITEL a duk faɗin ƙasar ba su kai rabin miliyan ba, kuma a ƙauyenmu babu wanda ya taɓa riƙe kan tarho in ba wanda ya yi aikin gwamnati a birni ba. Layi kaɗai a farkon nan sai mutum ya ajiye Naira 20,000 ko fiye, kira kuma Naira 50 ne minti ɗaya. Na gama sakandare ban samu ci gaba ba, ina zaune a gida ina taya Baba noma, sai yayana da ke sayar da yadi a Kantin Kwari ya aiko in zo. Ya sayi Nokia 3310 da layi, ya saya mini laima da benci da ɗan tebur, ya ajiye ni kusa da wata tasha ina sayar da kira.

A ƙarƙashin laimar nan na fara sanin abin da waya take nufi ga talaka. Tsohuwa za ta zo da lambar ɗanta da ke Legas a rubuce a bayan kwalin ashana, ta ƙulle shi a gefen zane. In buga mata, ta karɓi wayar da hannu biyu, ta ɗaga murya yadda za a ji ta a tsallaken titi. Gaisuwa kawai za ta cinye minti guda: ina gajiya, ya mutan gida, ya baƙunta. Ni kuwa idona na kan agogon wayar, domin a lokacin ko daƙiƙa ɗaya aka ƙetare, kuɗin cikakken minti za a cire. Sai in sunkuya in ce, "Inna, gaisuwar ta isa haka, faɗa masa saƙon, kuɗinki na tafiya." Sai da Glo ya zo a 2003 da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa sannan muka huta da wannan.

Wayar nan ta sha wuya a hannun jama'a. Takan suɓuce ta daki kwalta, murfi ya yi gabas, batir ya yi yamma, madannai su fita. In tattara in mayar, in danna, ta kawo wuta. Ƙura, gumi, zafin rana, babu wanda ya kwantar da ita. Yawan haɗa ta da nake yi ne ya sa na fara son sanin abin da ke cikinta, har na roƙi yayana ya kai ni wajen wani abokinsa mai gyara a titin Beirut. Shi ne ya zama maigidana, a 2004.

Mutum ne mai tsanani a aiki, amma ba ya ɓoye ilimi. Tun ranar farko ya miƙo mini ɗan sukundireba mai bakin tauraro, T6, wanda yake kwance kusan kowace Nokia, ya zube mini matattun wayoyi ya ce in yi ta kwancewa ina ɗaurewa. Bayan nan ya koya mini riƙe ƙarfen dalma, da bin layin wuta da mita, da wanke allon cikin waya da ya sha ruwa da sifirit da buroshi, da yadda ake hura zafi a ɗaga ƙaramin IC, wato ƙwayar da ke manne a kan allon, ba tare da an ƙona na kusa da shi ba. Yakan ce, "Kai yaro, wayar nan ba ta ƙarya. In ta mutu akwai dalili, nemo shi." Kuma gaskiyarsa ne. Matsalolin Nokia sanannu ne: bakin caji ya saki, abin magana ya toshe, madanni ya daina taɓawa, ko mai ita ya sauya lambar sirri daga 12345 ya manta. Idan ciwon na manhaja ne, mu jona ta da akwatin filashin a kwamfuta mu zuba mata sabuwa. Duk wanda ya kawo waya sayarwa kuma, sai mun danna *#06# mun gwada lambar da ta fito da wadda ke ƙarƙashin batir, don gudun kayan sata.

Wayar da ta fi kowacce shiga raina ita ce 1100, wadda ta fito a 2003. Duk wanda ya zauna ya tsara ta, ya yi tunanin mutum irin mahaifina. An sa mata tocila a ka, a ƙasar da wuta ba ta zama. Shi ya sa mutanenmu suka raɗa wa irinta rakani-kashi, kuma kowa ya san tocilar nan ta yi aiki a ɗakin haihuwa da masallaci da rumbu. Madannanta shafi ɗaya ne na roba, babu ramin da ƙurar hunturu za ta shiga. Gefenta ba ya santsi a hannun mai gumi. Caji ɗaya kan kai manomi kwanaki, sai ranar kasuwa ya ba mai janareta ya sake cika masa. Batirinta, BL-5C, yana shiga wayoyi da yawa na kamfanin, har ta kai ga masu ƙera ƙananan rediyo ma sun koma yin ramin batir daidai da shi. Wasu daga cikin ƙananan Nokia da suka biyo baya sun zo da Hausa a jerin harsunansu, kuma na ga dattijan da suka ce a mayar musu da ita Hausa suna murna. An sayar da 1100 sama da miliyan 250 a duniya. Lokacin da kamfanin ya sanar a 2005 cewa ya sayar da wayarsa ta biliyan ɗaya, wayar 1100 ce, kuma a Najeriya aka saye ta. Mun yi alfahari da wannan labari a layinmu ba kaɗan ba.

Son da nake mata ne ya sa na riƙa bibiyar tarihin masu ita. Abin ya ba ni mamaki da na gano cewa ba da waya suka fara ba. A 1865 wani injiniya mai suna Fredrik Idestam ya kafa masana'antar niƙa itace don yin takarda a ƙasar Finland, daga baya ya buɗe ta biyu a wani gari da ake kira Nokia. Sun yi takalman roba, sun yi tayoyi, sun yi wayar lantarki, sun yi talabijin. Sai da Jorma Ollila ya karɓi shugabanci a 1992, kamfanin na cikin mawuyacin hali, sannan suka rabu da sauran harkokin suka rungumi sadarwa. A 1998 suka wuce Motorola suka zama na ɗaya a duniya. Ƙasa mai mutum miliyan 5 da 'yan kai ce ta riƙa yi wa duniya waya, kuma zuwa ƙarshen 2007 kusan kashi 40 cikin 100 na wayoyin da ake sayarwa a doron ƙasa nasu ne.

A Kano kuwa sai in ce abin ya fi haka. In ka duba teburina a shekarun nan, da wuya ka ga wata waya in ba Nokia ba, sai jefi-jefi Samsung mai murfi ko Sony Ericsson ko Sagem. Talaka na da 1110 da 1200, ɗalibi na da 2700 ko 5130, ɗan gayu na da 6300, Alhaji na da N73 ko N95 ko E71. Sana'o'i suka tsiro a gefenta: masu sayar da kesin da fuska, masu caji, masu tura karatun Alƙur'ani da wa'azi da waƙoƙi a katin memori. Maigidana ya yaye ni, na kama ɗan shago a kasuwar Farm Centre, a 2008 na yi aure. A zuciyata na ɗauka da wannan kamfani za mu tsufa.

Alamar farko da na gani ba iPhone ba ce. Tambaya ce guda da ta fara yawa a bakin masu saye: "Malam, tana da layi biyu?"

Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya rayu a nan. Kira daga wani kamfanin layi zuwa wani ya fi tsada. Sabis ɗin wannan yana kamawa a cikin gari, a ƙauye kuma sai na wancan. Kowane kamfani na da garaɓasarsa ta dare ko ta ƙarshen mako, ga Etisalat ya ƙaru a 2008. Mutum sai ya riƙe waya biyu ko uku, ko ya riƙa cire batir yana sauya layi, ya ajiye ɗayan a cikin hula. Ana cikin haka wayoyin Chaina suka cika kasuwa: layi biyu, ƙara mai tashin unguwa, eriyar talabijin, katin memori, a farashin da bai kai na Nokia mai launi ba. Mu masu gyara mun raina su ƙwarai, kuma da hujja, domin da yawansu ba su da suna balle kayan gyara, dalmar cikinsu ma ba ta kama da kyau. Amma na tuna wani direban motar haya da na ba shawara ya ƙara kuɗi ya sayi mai ƙarko. Ya ce mini, "Injiniya, na san ba za ta daɗe ba. Amma fasinjana na wannan layi, iyalina na wancan. Wadda za ta haɗa mini su nake nema." Ban sami abin ce masa ba.

Nokia ba ta fitar da waya mai ramin layi biyu ba sai 2010, masu aiki da layukan biyu a lokaci guda kuma, irin su X1-01 da C2-00, sai 2011. Kafin nan Tecno ya riga ya kafu. Kamfanin da ya mallake shi, Transsion, an kafa shi a Chaina a 2006, kuma tun 2008 ya mayar da hankalinsa kacokan kan Afirka. Sun yi abin da Nokia ta yi a zamanin 1100: sun zo sun duba yadda muke rayuwa. Suka ba da layi biyu, da batir mai jimiri, da kyamarar da ke fitar da fuskar baƙar fata da kyau, suka buɗe cibiyoyin gyara na Carlcare, suka ƙaro Itel da Infinix. Zuwa 2017 su ne kan gaba wajen yawan wayoyin da ake sayarwa a Afirka. A ganina nan ne aka ci Nokia a ƙasarmu, kuma abin da ya fi yi mini ciwo shi ne da makaminta aka ci ta.

Ta sama ma ruwa na shigowa. Apple ya fitar da iPhone a 2007, wayar Android ta farko ta fito a 2008, a wajenmu kuma BlackBerry ta ɗauke 'yan jami'a da ma'aikatan banki saboda manhajar hirarta ta BBM. Waya ta tashi daga abin kira ta koma ƙaramar kwamfuta, darajarta ta koma kan manhajojin da za ta iya ɗauka. Manyan wayoyin Nokia kuwa suna kan Symbian, tsarin da aka gina tun zamanin madannai. Na ga wahalarsa da idona. Saurayi zai kawo wayarsa mai tsada, ya sauko da manhaja ta ƙi shiga, tana rubuta masa cewa takardar shaidarta ta ƙare. Sai mu mayar da kwanan watan wayar baya sannan ta karɓa. Da suka fitar da masu taɓa fuska, irin 5800 a 2008 da N97 a 2009, sai ka danna da farce ko ɗan tsinke, alhali ta abokin hamayya shafa kawai take so. Jikin wayar lafiya lau, kyamara mai kyau, sauti mai kyau. Abin da ke cikinta ne ya tsufa. Ba kuma don ba su san fasahar ba ne, tunda sun fitar da 9000 Communicator, waya mai kama da ƙaramar kwamfuta, tun 1996, da mai taɓa fuska 7710 tun 2004.

A watan Satumban 2010 aka sauke shugaban Nokia, Olli-Pekka Kallasvuo, aka ɗauko Stephen Elop, ɗan Kanada, daga Microsoft; shi ne na farko da ba ɗan Finland ba da ya shugabanci kamfanin. A Fabrairun 2011 ya rubuta wa ma'aikata wata takarda da ta fita duniya, inda ya kwatanta kamfanin da mutumin da ke tsaye a kan dandamalin haƙar mai a teku, wuta ta kama, babu mafita sai ya faɗa ruwan sanyi. A cikinta ya ambaci Apple da Android, ya kuma ambaci MediaTek, kamfani mai ƙera ƙwayoyin cikin waya, da masana'antun birnin Shenzhen na Chaina masu fitar da wayoyi masu araha da sauri, wato dai wayoyin da direban nan ya zaɓa. 'Yan kwanaki bayan nan ya sanar cewa Nokia za ta koma Windows Phone na Microsoft. Matsalar ita ce Lumia ta farko, wato wayar Nokia mai wannan sabon tsari, ba ta fito ba sai ƙarshen shekarar. Wa zai zuba kuɗinsa a wayar da mai ita ya faɗa da bakinsa cewa zai bar tsarinta? Diloli suka ja baya, masu rubuta manhaja suka watse.

Lumia waya ce mai kyan jiki, na buɗe su da yawa, aikin ciki tsaf. Amma mai saye yana zuwa ne da sunan manhajar da abokinsa ke amfani da ita a Android, a duba a ga babu, ko a sami wata mai kama da ita. Sai ya ajiye ya ɗauki Tecno ko Samsung. A 2012 Samsung ya karɓe matsayin na ɗaya bayan Nokia ta riƙe shi shekara 14. A shekarar aka sanar da korar ma'aikata 10,000, aka rufe masana'antar garin Salo, ta ƙarshe da ke haɗa wayoyinsu a Finland. A Satumban 2013 aka sanar da sayar da sashen wayoyin ga Microsoft a kan Yuro biliyan 5.44, aka kammala cinikin a Afrilun 2014, kuma a 2015 Microsoft ya rubuta asarar Dala biliyan 7.6 a kan wannan ciniki. Da na ji labarin mutanen Salo na ji tausayinsu sosai. Hannuwansu ne suka haɗa wasu daga cikin wayoyin da nake kwancewa, kuma abinci ɗaya ne ya ciyar da ni da su.

Har yau muna musu a kasuwa kan wanda ya kashe kamfanin. Da yawa suna ɗora wa Elop, suna cewa da an ɗauki Android da ba haka ba. Wataƙila. Ni ma ina ganin sanar da mutuwar Symbian tun ba a shirya magajinsa ba kuskure ne babba, haka ma watsar da N9 mai tsarin MeeGo bayan ta sami yabo. Amma ni da na ji tambayar layi biyu tun kafin a san sunansa, ba zan ce daga kansa ciwon ya fara ba. Wasu masana biyu, Timo Vuori da Quy Huy, sun tattauna da manajoji da injiniyoyin kamfanin, suka gano cewa tsoro ya yi yawa a ciki: na tsakiya suna tsoron faɗa wa na sama cewa Symbian ba zai kai ba, na sama kuma suna tsoron masu hannun jari da abokan hamayya. Da na karanta wannan sai na fahimci abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai. Idan maganar injiniyan da ke cikin ginin ba ta isa sama ba, ina ga ta direba a Kano?

Mu ma guguwar ba ta bar mu ba. Akwatunan filashin da muka tara kuɗi muka saya suka zama ba su da amfani, ɗurowar kayan gyara ta cika da abin da babu mai tambaya. Sababbin wayoyi da gam ake manne su, fuska da gilashi a haɗe, ƙwayoyin ciki ƙanana ƙwarai sai da madubin ƙara girma. Na koma ɗalibi ina da iyali, ina zuwa shagon wani yaro da na girme wa nesa ba kusa ba, yana nuna mini yadda ake ɗaga fuskar Android ba tare da an fasa ta ba. Ya koya mini da ladabi, Allah Ya saka masa da alheri. Maigidana kuwa lokacin idonsa ya fara rauni, bai iya bin sabon aikin ba, ya koma sayar da caja da batir da abin kunne. Na je gaishe shi wata rana ina jajanta yadda kasuwa ta juya, ya ce, "Duniya rawar 'yan mata ce, ɗana, na gaba ya koma baya. Kai dai riƙe amanar mutane." Allah Ya yi masa rasuwa bayan wasu shekaru. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ilimin da ya ba mu ya zame masa sadaka mai gudana.

Kamfanin Nokia dai bai mutu ba. Ya koma ƙera kayan turakun sadarwa, ya sayi kamfanin kayan sadarwa na Alcatel-Lucent a 2016, yana gogayya da Ericsson da Huawei. Sunan a jikin waya kuma wani kamfanin Finland mai suna HMD Global ne ya karɓi lasisinsa a 2016, ya fitar da masu Android, ya sake fito da 3310 a sabon tsari a 2017. Ƙananan irin 105 suna tafiya har yanzu. Manoma da makiyaya suna saye saboda caji, 'yan birni kuma saboda masu ƙwacen waya: a bar babbar a gida, a fita da ƙaramar.

Damuwata a yanzu ita ce gyaran kansa yana raguwa, sauyawa ce ta yi yawa. Fuska ta fashe a sa wata, wani lokaci kuɗinta ya kusa rabin kuɗin wayar, allo ya mutu a ce wa mai ita ya haƙura. Yara da yawa suna buɗe shago ba su taɓa bin layin wuta da mita ba. Saboda haka duk yaron da iyayensa suka kawo mini, da tsofaffin allunan Nokia nake fara masa, ina da buhunsu a ƙarƙashin tebur, domin a jikinsu ana ganin inda wuta ta shiga da inda ta tsaya. Sai ya iya tayar da 1280 da ta sha ruwa sannan nake barinsa ya taɓa wayar mutane.